Daga Lugu zuwa Tirmini: wuraren tarihi a gefen babbar hanya

Wanda ya saba shiga motar asuba daga Yamai zuwa Damagaram ya san zangunan hanyar kamar yunwar cikinsa. Ya san inda ake tsayawa salla, ya san inda ake sayen albasar Galmi, ya san garin da barci ke fara sace fasinja. Tafiyar kusan kilomita 900 ce. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, tun daga ƙasar Arewa har ƙofar Damagaram, kwaltar nan kusan sawun wata runduna take bi, wadda ta ratsa ƙasar Hausa tsakanin Afrilu da Yuli na shekarar 1899, ta bar toka da gawarwaki a bayanta. A littattafan Faransanci ana kiranta Mission Afrique centrale, ko rundunar Voulet da Chanoine. A ƙauyukan da ta bi, tsofaffi ba su damu da sunan ba. Labarin suka riƙe, da wuraren da abin ya auku. Wuraren suna nan har yau, wasu a bakin hanya, wasu can cikin daji, kuma sun isa a ce malami ya kwashi ɗalibansa ya kai su.

Kafin a kama hanya, ya kamata a san abin da ya kawo rundunar. Ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu a birnin Paris kan takardar raba ƙasashen da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi. Aka kafa tsinke a kan Sakkwato a taswira, aka zagaya da'ira mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Faransa ta tashi da gefen hamada. Sai ta shirya runduna uku su haɗu a bakin tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ta uku daga yamma. Ta ukun ce aka damƙa wa kaftin Paul Voulet da kaftin Julien Chanoine, waɗanda suka ci Wagadugu a 1896, kuma tun a can aka san hannunsu ba ya sanyi. Uban Chanoine janar ne, har ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa a 1898. Turawan rundunar ba su cika goma ba. Sauran duk ƴan Afirka ne: sojoji ƴan bindiga da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, da mahaya, da ɗaruruwan ƴan dako, yawancinsu Mosawa, ga mata da bayin da ake ƙarawa a kowane zango. Guzurin da gwamnati ta ba su bai taka kara ya karya ba. Taron da ya wuce mutum dubu, da dabbobinsa, a tsakiyar rani, a ƙasar da rijiya ɗaya ke shayar da gari guda, ba ya rayuwa sai da ƙwace. Daga nan masifar ta faro, tun a Sansane Hausa da ke bakin kogi, cikin Janairun 1899.

Lugu ce zangon farko ga mai bin wannan tarihi. Daga Dogon Dutsi ake barin kwalta a nufi arewa, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kasari. Wanda ya karanta littafin Abdullahi Mamani mai suna Sarraounia, wanda ya fito a 1980, ko ya kalli fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986, fim ɗin da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a 1987, zai iso yana neman ganuwa da fada da filin daga. Ba zai same su ba. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma birnin da ke cikinsa ginin masu fim ne. Abin da ke Lugu ƙaramin ƙauye ne a gindin tudu, da bukkoki, da daji kewaye. Sarauniya a nan sarauta ce ta gargajiyar Azna, ba sunan mace ɗaya ba, kuma Mangu ita ce ke riƙe da ita a shekarar da Nasara suka zo. Mai sarautar a bukkar ciyawa take zama, tana kaɗin auduga, ba ta yawo. Aikinta roƙon ruwa da lafiyar ƙasa da karɓar masu neman mafita. Idan ta rasu, ba majalisa ke zaɓen magajiyarta ba: gawarta ake ɗauka a kan makara, wadda makarar ta nufa ita ce Sarauniya. Ana kiran wannan al'ada tarkama. A bayan gari akwai Tunguma, dutsen shari'a, wanda labarin kaka da kakanni ya ce shi ya jagoranci mutanen farko tun daga Daura har ya tsaya a nan. Bagaji, mazaunin Baura, ita ce ɗaya cibiyar wannan gargajiya a ƙasar Arewa.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka yi karon. Mutanen Lugu da maƙwabtansu ba su tsaya a fili ba, inda bindiga ke da rinjaye. Suka shiga sarƙaƙiya, suka riƙa sakin kibau masu dafi. Takardun Faransawa da kansu sun ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma sun ƙona harsashi kusan 7000. A duk tafiyar da suka yi kafin ranar ba su gamu da turjiya irin wannan ba. Amma garin ya ƙone, jama'a suka watse, kuma Lugu ba ta sake komawa yadda take ba.

A nan malami ke da aiki mai wuya. A takardun Turawa, Sarauniya layi kaɗan ta samu, a matsayin tsohuwar matsafiya da ta aiko da saƙon raini. A littafin Mamani kuwa jaruma ce matashiya mai takobi da dabarun yaƙi, kuma Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya san dalilin da ya sa ya zana ta haka: ƙasa ce yake nema wa uwa. A bakin mutanen Lugu wata ce dabam, mai asiri da addu'a, wadda ƙarfinta ba a dantse yake ba. Ɗalibi ya cancanci a ba shi ukun duka, a gaya masa wanda ya faɗi kowanne da lokacin da ya faɗa. Littafin Lougou et Saraouniya, da ya fito a 2007, an yi shi ne da maganganun mutanen garin, kuma yana da amfani a ajiye shi kusa da na Mamani a ɗakin karatu. Abin mamaki, sunan Sarauniya ya cika birane, a jikin makarantu da gidajen rediyo da shaguna, alhali ƙauyen da sunan ya fito ya daɗe cikin ƙarancin ruwa da rashin hanya. Tun 2006 Lugu ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Daga ƙasar Arewa rundunar ta yi gabas, ta shiga cikin da'irar nan ta Ingila, domin can ne rijiyoyi da rumbuna suke. Takardar Paris ba ta shayar da doki. A farkon watan Mayu ta iso Birnin Ƙwanni, gari mai ganuwa da ke bin Sakkwato. Aka rufe ƙofofi, Voulet ya sa igwa, ganuwa ta fashe, aka bi mutane lungu-lungu. Masu tarihi na ƙidaya abin da ya faru a Ƙwanni cikin kisan gilla mafi muni da aka yi a duk zamanin mulkin mallakar Faransa a Afirka, kuma dubbai suke ambata. An yi kwanaki ana kwashe gawa. Matan da suka tsira aka raba wa sojoji.

Yau Ƙwanni garin kasuwa ne da kan iyaka, ga Illela a ƙetare, ga ƴan canji, ga manyan motoci. Ganuwar ƙasa ce, ruwan damina da masu neman ƙasar gini sun cinye ta, gari kuma ya haye inda take. Wanda ya zo da gaggawa ba abin da zai gani. Sai ya sauka, ya je fada ya yi gaisuwa, ya nemi dattawan tsohon gari, su ne za su nuna masa ta inda aka shigo da inda aka tara mamatan. Ga wanda ke koyar da tarihi, Ƙwanni ta fi Lugu nauyi, ko da yake ba ta samu marubuci kamar Mamani ba. Lugu labarin turjiya ce, mai daɗin faɗi a ranar biki. Ƙwanni labarin mutanen da aka kashe ne kawai, ba waƙa ba kirari, shi ya sa ake saurin wuce ta. Akwai kuma tambayar da yaro mai wayo ba zai rasa yi ba: in Turawan ba su kai goma ba, hannun wa ya yi kisan? Amsar ba ta da daɗi, amma ɓoye ta ya fi muni. Baƙaƙen fata ne suka riƙe bindigogin, wasunsu bayi ne da aka fansa da sharaɗin aikin soja, wasu kuma ganima ce ta kawo su, domin da bayi da mata da shanu ake biyansu. Wannan bai rage wa Voulet laifi ko ƙwayar gero ba, shi ya tsara, shi ya ba da umarni. Sai dai yana nuna wa ɗalibi yadda ake cin ƙasa da hannun maƙwabtanta.

Iyakar ma da ke kudu da gari abin kallo ce. A 1899 Ƙwanni a rabon Ingila take. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906, saboda Faransa ta kasa samun hanya mai ruwa tsakanin kogi da Damagaram, sannan aka ja layin ya yi kudu, kaftin Tilho da takwaransa na Ingila suka bi shi suna kafa alamu. Da ba a sake wannan zama ba, da ƴan lakwal na Ƙwanni da Ingilishi suke karatu yau.

Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, ya ratse ta Tsarnawa ya kama hanyar Tawa, ya je Yama. Masallacin Jumma'ar ƙauyen ba shi da alaƙa da 1899. Magini Falke Barmu ya fara shi a 1962, da ƙasa da itace, jama'ar gari na kawo ruwa da tubali. Daga baya ya sake rufin da baka da tulluwa, ya ta da hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan. Manomi ne ya zana shi a kansa, ba tare da takarda ba.

Ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi suna da nasu tarihin da ya girmi zuwan Nasara, wanda ya isa a yi masa tafiya ta musamman: Tsibiri, inda Gobirawa suka sake kafa sarautarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Maraɗi, wadda tsohon garinta ke cikin kwarin gulbi har ambaliyar 1945 ta tilasta aka hau tudu, da tafkin Madarumfa a kudu da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyara a kewayensa. Rundunar ta ratsa wannan yanki cikin watan Yuni da farkon Yuli, a daidai lokacin shuka.

A wannan lokaci labari ya riga ya kai Paris. Wani laftana mai suna Peteau, da Voulet ya kora tun a bakin kogi, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta bi hannu-hannu har ta kai ga minista. Aka umarci laftana-kanar Klobb, wanda ya yi mulkin Tumbutu, ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ya taso da laftana Meynier da sojoji ƙalilan. Bai sha wahalar neman hanya ba. A littafin da yake rubuta abubuwan kowace rana ya ambaci ƙauyuka ƙonannu, da rijiyoyi cike da gawa, da ƴan mata ƙanana a rataye a reshe. Koren Kalgo na cikin garuruwan ƙarshe da aka karkashe mata da yara.

Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Klobb ya cim ma Voulet a Ɗankori, a ƙasar Tasawa. Ya hana mutanensa harbi, ya matso a kan doki cikin kayan sarki. Voulet ya sa aka buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Da yamma Voulet ya tara Turawansa, ya cire galolinsa, ya shaida musu, kamar yadda laftana Joalland ya ruwaito daga baya, cewa shi ya fita daga Faransa, ya zama sarkin baƙaƙe, zai kafa daularsa. Sojojin da suka yi masa biyayya wata shida suna kisa suka ga wannan tafiya ba ta da ranar komawa gida. Ranar 16 suka harbe Chanoine. Wayewar garin 17, Voulet ya dawo sansani, mai gadi ya harbe shi.

Kaburburan nan biyu suna Maijirgi, gabas da Tasawa, a kan babbar hanya. Ba su da wuyar samu, yaran gari ma na iya kai baƙo. Nan ne ya kamata a daɗe a tsaye. A duk tsawon hanyar daga Lugu, waɗanda aka san makwancinsu da sunansu da ranar mutuwarsu su ne mutum biyun da suka yi ɓarnar. Dubban da suka kashe ba wanda ya rubuta sunansa. Wasu na ganin a rushe kaburburan, kuma ana fahimtar zafin da ke sa su faɗin haka, balle a zamanin da Yamai ta sauya sunayen titunanta, ta cire hoton Monteil ta sa na Thomas Sankara a 2024. Amma in an share su, an share shaida. Abin da wurin ke bukata allo ne a gefe, da Hausa da Faransanci, mai ɗauke da sunayen garuruwan da aka ƙona ɗaya bayan ɗaya, domin mai karanta sunan Voulet ya karanta Ƙwanni da Koren Kalgo a tsayuwa guda. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ɗaya da ƙaramar hukuma ba.

Kaburburan suna da nasu abin al'ajabi. An ruwaito cewa a 1923 wani matashin kwamanda da ke aiki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su, aka tarar ba kowa a ciki. Daga nan jita-jita ta samu abinci: wai Voulet bai mutu ba, ya tsere hamada, ya zama wani farin sarki a duwatsun Tibesti. Ba wanda ya kawo hujja. A Faransa kuwa an rufe maganar da wuri. Aka ce zafin rana ne ya taɓa kan mutum biyu, aka yi ta jimamin Klobb, bincike ya mutu ba a hukunta kowa ba. Da ba a kashe Bature mai galoli ba, da wuya a ce ko wannan ɗan binciken an yi shi. Ƙasar da rundunar ta ci kuma ba a mayar wa kowa ba.

Domin rundunar ba ta watse ba. Laftana Pallier ya karɓi jagoranci, ya nufi Damagaram, inda Faransa ke da bashin jini: a ranar 5 ga Mayu 1898 an kashe kaftin Cazemajou da tafintansa Olive a birnin, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen watan Yuli Sarkin ya fito da dawakinsa da ƴan bindigarsa ya tare su a Tirmini, yamma da birni. Damagaram ba ƙaramar daula ba ce. Tun zamanin Tanimun ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikinta, kuma ayarinta na kaiwa Tarabulus. Amma doki da bindigar gargajiya ba su jure wa bindiga mai saurin ɗuri ba. Ranar 30 ga Yuli Faransawa suka shiga birnin. Sarki Amadu ya ja da baya, aka bi shi, aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba. Joalland da Meynier suka ci gaba zuwa Cadi, inda rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Abin da aka aiko Voulet ya yi dai an yi shi.

Tirmini a bakin kwalta take, motoci na wuce ta ba sa rage gudu. Filin dagar gonakin hatsi ne. Ga ɗaliban Damagaram, wannan ce ziyara mafi sauƙi, ana zuwa a dawo kafin azahar, kuma littafin da André Salifou ya rubuta kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, ya isa malami ya shirya darasinsa. Ya fi kyau a fara da Tirmini, sannan a shigo birni a ga fadar Sarki da ragowar ganuwar Tanimun da barikin da Faransawa suka gina a kan duwatsu suka sa masa sunan Cazemajou. In an bi wannan tsari, yaro zai ga da idonsa dalilin da ya sa barikin ke sama, fada ke ƙasa.

Ba kowane ɗayan wuraren nan ke zuwuwa a kowane lokaci ba. A ƴan shekarun nan rashin tsaro ya taɓa wasu sassan Dogon Dutsi da Ƙwanni, don haka ba a fita da yara sai an tuntuɓi hukuma da sarakunan gargajiya. Inda hanya ta buɗe, akwai ladabin da ba a tsallakewa. A aika tun da wuri, a sauka wurin mai gari, a riƙe goro. A Lugu ba a ɗaukar hoton Sarauniya ko na Tunguma sai da izini, kuma malami ya ja kunnen ɗalibansa tun a mota: wanda ya je gidan mutane neman sani ba wa'azi ya je yi ba. Waɗanda suka ga 1899 da idonsu duk sun kwanta dama, ƴaƴansu ma haka. Jikoki da tattaɓa-kunne suka rage, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Wayar da ke aljihun kowane ɗan lise ta isa ɗaukar muryarsu, muddin an rubuta sunan mai magana da garinsu da wanda ya ji labarin daga bakinsa, aka kuma rubuta maganar da Hausar da aka yi ta kafin a juya ta zuwa Faransanci.

Ranakun tarihin ba su dace da kalandar makaranta ba. Ta Lugu da ta Ƙwanni a tsakiyar bazara suke, lokacin zafi da shirin jarrabawa. Ta Ɗankori da ta Tirmini cikin babban hutu suke faɗawa, ga ruwa, ga kowa a gona. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, cikin Disamba ko Janairu, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, hanyoyin daji suka bushe, tsofaffi kuma na zaune a hantsi suna shan rana.